Amanar shago ma tana son takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai sayar da furanni ce a Yamai. Garkata tana bakin kogi wajen Yantala, kuma shekara 11 ke nan ina ƙawata zauren biki da motar amarya, ina kai dashe gidaje da ofisoshi. Abin da ya same ni bara nake so masu ƙananan sana'o'i irina su ji.

Akwai yaron da na riƙe shekara huɗu, ɗan maƙwabciyata, Inna yake ce mini. Ban ɓoye masa komai ba. Ya san haɗin ƙasar dashena, yashi kaza, ruɓaɓɓen takin shanu kaza, buntun shinkafa kaza, haɗin da sai da na yi asarar tukwane ba iyaka kafin in dace da shi, don shi ke riƙe laima a zafin Afrilu. Ya san mai aiko mini da wardi daga gonakin Naivasha na Kenya, da nawa nake biya. Wayar shago ma a hannunsa take, da lambobin masu saye da farashin da nake yi wa kowa. Ana saura mako biyu 14 ga Fabrairu, ranar masoya da muke cin babbar kasuwa, ya ce zai je ganin kakarsa. Ashe rumfa ya buɗe. Ya bi mutanena ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp, kowane kwando ya rage jikka biyu a kan kuɗina.

Na je wurin lauya da zafina. Tambayarsa ta farko: "Hajiya, da takarda tsakaninku?" Na ce takardar me, yaron da ke cin tuwo a gidana? Sai ya warware mini. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin masu ƙirƙira da fasaha, kuma yarjejeniyar Bangui ta 1977 da ta kafa ƙungiyar, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta hana cin kasuwa da sirrin wani. Amma da sharuɗɗa: abin ya zama ba kowa ya san shi ba, ɓoyuwarsa ce ta ba shi daraja, sannan mai shi ya yi wani ƙoƙari na tsare shi. A na ukun nan na faɗi. Wayar da ba ta da makulli, littafin ciniki a kan tebur, me zan nuna wa alƙali?

Na san abin da za a ce, don ƙanwata ta riga ta faɗa: sa ɗan gida ya sa hannu a takarda ai zargi ne, da kunya. To, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa. Ni kunyar ce ta ci mini kasuwar wata uku.

Yanzu ƴan aikina uku duk sun sa hannu. Shafi ɗaya ne. An ambaci abubuwan da sunansu: lambobin masu saye, farashi, masu kawo kaya, haɗin ƙasa. An faɗi shekarun da alkawarin zai ɗauka bayan mutum ya bar aiki, da diyyar da zai biya in ya saɓa. An karanta wa biyu da Hausa, ɗaya da Zabarmanci, gaban iyayensu, domin sa wa yaro takardar Faransanci da bai fahimta ba zalunci ne. Kuma ban hana kowa cin abinci ba. Iya ɗaurin fure da ya koya a hannuna nasa ne, ya tafi da shi, Allah ya sa albarka. Littafina ne dai ba nasa ba.

Yaron nan har yau yana durƙusawa ya gaishe ni, ina amsawa, saboda uwarsa.

Roƙona, Malam Edita, tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, ku nemo lauya ya tsara samfurin irin wannan takarda da Hausa, ku buga a jaridarku. Tela da mai kilishi da mai haɗa turaren wuta duk suna da abin da za su cike a ciki.

Wata mai sayar da furanni,
Yantala, Yamai