Wasiƙar godiya ga ma'aikatan ɗakin aune-aunen kayan bincike

Zuwa ga Shugaban ɗakin aune-aune na jami'armu da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, domin aikinku ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali a kansa binciken irinmu ya dogara.

Aikina haɗa siririn gilashin silika ne ta hanyar sol-jel, wanda zai gano iskar oksijin a cikin ruwa. Ana zuba sinadarin TEOS, wani ruwa mai ɗauke da silikon, a cikin itanol, a ƙara ruwa da ɗan asid, sai ƙwayoyin su yi ta sarƙewa da juna har haɗin ya daskare. Idan ya bushe, sai ya zama gilashi mai ƙananan ramuka kamar soso. Ba a buƙatar wutar da ake narka gilashi da ita, shi ya sa ake iya kulle rini a ciki bai ƙone ba. David Avnir da abokan aikinsa sun nuna haka tun 1984 da rinin rodamin 6G. Ni kuwa rinin rutiniyom nake kullewa, wanda haskensa ke dusashewa gwargwadon yawan oksijin da ya iso gare shi.

Duk wahalar tana ga girman ramukan nan. In sun yi faɗi, rinin ya zurare cikin ruwa, na'ura ta riƙa ba da amsar ƙarya. In sun matse, oksijin ya daɗe bai shiga ba. Asid yakan ba da ramuka matsattsu, amoniya kuma takan ba da dunƙulallun ƙwayoyi masu sarari a tsakaninsu, irin na hanyar Stöber ta 1968, wadda ake yin ƙananan ƙwallayen silika da ita. Amma wannan karatun littafi ne. Abin da ke hannuna, sai awonku ne ke faɗa mini gaskiyarsa.

A nan ne kuka burge ni. Kafin a auna yadda gilashi ke shan naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wanda da shi ake gane girman ramukan, dole a ɗumama shi a fitar da danshin da ke ciki. Malamin da ke kula da injin bai taɓa ɗora samfurina ba sai ya tambayi abin da na kulle a cikinsa, sannan ya rage zafin ya tsawaita lokacin, don kada rinin ya lalace. Wannan ƙarin aiki ne a kansa, kuma ba wanda zai zarge shi da bai yi ba. Haka kuma ba lamba ɗaya kawai kuke miƙo mana ba. Kukan haɗo da dukkan bayanan awon, ku kuma ja hankalinmu cewa lissafin BET, wanda ake ƙiyasta faɗin fuskar ramukan da shi, yana buƙatar taka-tsantsan idan ramuka ba su kai nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Ina kuma gode wa Malama mai kula da madubin ilektiron, injin da ke ƙara girman hoton ƙananan abubuwa. Hotunanta ne suka fito da tsagewar da ido ba ya gani, wadda bushewa ke haddasawa, har muka ƙara MTES, wani sinadari dangin TEOS, a haɗin, gilashin ya rage tsagewa, ya kuma rage shan ruwa.

Ina roƙon hukumar jami'a ta duba buƙatunku, musamman samar da ruwan naitirojin a kai a kai da gyaran injuna a kan lokaci. Ina kuma kira ga 'yan uwana ɗalibai mu riƙa rubuta sunan wannan ɗaki a shafin godiya na kundinmu da maƙalunmu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Ɗalibin bincike a sashen kimiyyar sinadarai