Barka da Sallah daga inda rana ta ƙi faɗuwa

Assalamu alaikum Inna da Baba,

Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan kuna lafiya, da su Yaya da yara duka.

Inna, Yaya ta ce tun ranar da kuka ga idanuna sun faɗa a wayar bidiyo hankalinku bai kwanta ba. Lafiyata ƙalau. Barci ne ya yi mini yaji, kuma rana ce ta raba mu. A nan Toromso, arewacin Norwe, tun wajen 20 ga Mayu ba ta faɗi ba, sai ƙarshen Yuli za ta fara. Ƙarfe ɗaya na dare nakan leƙa taga in ga inuwar keken maƙwabcina a ƙasa kamar da hantsi.

Na ɗauka gajiya kaɗai za ta kayar da ni, ashe da sauran magana. Likitar da na gani ta ce can cikin ƙwaƙwalwa, a saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan mitsitsin gungu mai ƙwayoyi kusan 20,000. Shi ne agogon jiki. Ranarsa ta ɗan haura awa 24, don haka kullum haske ne ke saita shi. In duhu ya yi, sai ya sa a saki melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Nawa agogon yana nan yana jiran duhun da ba ya zuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zafin jiki. Digiri 37 ɗin nan ba a tsaye yake ba. Da yamma yakan hau, kafin barci ya fara sauka, wajen ƙarfe huɗu ko biyar na asuba ya kai ƙasa, bambancin kusan digiri ɗaya. Baba, wannan na cikin abin da ke sa ku laluben mayafi gab da asuba. Kuma ta tafin hannu da na ƙafa jiki ke zubar da zafin: jijiyoyin jinin wurin su buɗe, fata ta yi ɗumi, ciki ya huce. Da ta faɗi haka sai na yi dariya, na tuna yadda Inna kan taɓa ƙafar Auta yana jariri, ta ce mu yi shiru, ƙafa ta yi ɗumi, barci ya zo. Likitar ta ce Inna ta yi daidai.

Yanzu na rataya baƙin labule mai kauri, har da liƙe gefensa. Nakan yi wanka da ruwan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin in kwanta, don ya jawo jini zuwa fata, in ɗan buɗe taga ɗaki ya yi sanyi, in ajiye waya nesa. Jiya na yi awa bakwai cur.

Auta, kai ma ka ji, hasken wayar nan da kake haska wa idonka cikin bargo yana jinkirta maka melatonin.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ranar ba za ta fito ba sam. An ce in nemi fitila mai ƙarfi in riƙa zama gabanta da safe, na riga na saya.

A gaida kowa da kowa, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku