Zuwa ga ɗana, kan karatun harkar kuɗi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta faɗa mini sunanka ya fito a Jami'ar Bayero, kuma fannin harkar kuɗi da banki aka ba ka. Alhamdu lillahi. Na so a ce zama muka yi, to kaya sun tsare ni a Legas.

Na ji Kawunka ya riga ya tare ka da maganar kuɗin ruwa. Kada ka ja da shi, babba ne, kuma tsoron Allah ne ya sa shi magana. Amma tun 2012 bankin Jaiz yake aiki ba ruwa, a 2017 kuma gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 ta hanyar sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci da ba ruwa a ciki, don aikin tituna. A jami'ar taku ma akwai cibiya guda ta bankin Musulunci. Masu riƙe da waɗannan wurare sun san lissafin ruwa ciki da bai, shi ya sa suka iya kauce masa. Ka koya, sannan ka riƙa kai tambayoyinka gaban malamai.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A 2007 rabin Kantin Kwari hannun jari ake saye, ni ma na zuba kuɗin dila takwas na shadda a wani banki, don kawai maƙwabcin rumfata ya ce nasa ya ninka. Shekara na zagayowa kasuwar ta rushe. Ni da nake gane shadda mai kyau da taɓawa ɗaya, aka aiko mini rahoton shekara na bankin, na juya shi gaba da baya, hotunan daraktoci kawai na fahimta. Takardun suna nan a ƙasan akwatina. In ka kai aji biyu zan ba ka, ka karanta mini inda ɓarakar take.

Na biyun ya fi ciwo. Bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Na ba da kaya bashi na wata huɗu, aka biya ni cif har da riba a kai, na zo saro wani, kuɗin ko rabin kayan bai kawo ba. A littafi na ci riba, a rumfa kuwa kantar kaya ta rame. Wannan nake so ka gane sosai: naira ta yau da ta baɗi ba ɗaya ba ce.

Saboda haka darasin lissafi da ƙididdiga da aikin akanta, waɗanda na ji ɗalibai na gudu, su za ka riƙe da hannu biyu. Kwat da ofis mai sanyi ba su dame ni ba. Ka kuma tambayi na gaba da kai yadda ake fara jarrabawar ICAN, ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, tun kana makaranta.

Hutun farko rumfa za ka zo. Littafin bashina ya kai uku, ni kaɗai nake gane rubutun ciki, wani lokacin ni ma sai na yi ta kallo. Kuɗin rajista na tura wa mahaifiyarka, ka adana rasit.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka