Wasiƙa ga ɗana kan kambas ɗin da yake ɗinkawa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta nuna mini hotunan takalmin kambas ɗin da ka ɗinka. Ta ce ranka ya ɓaci don ya matse maka yatsu, sol ɗin kuma ya ɗaye, har kana cewa ka haƙura. Kada ka haƙura, hannunka yana da kyau. Tsarin aikin ne nake so ka gyara.

Na lura duk sabon samfurin da za ka yi, sai ka canza komai lokaci guda: fata, yanka, sol, har gam. To in ya yi kyau, wanne ya gyara shi? In ya lalace, wanne za ka zarga? Canza abu ɗaya tak, ka sa a ƙafa, ka yi yawo da shi kwana da kwanaki, sannan ka rubuta inda ya ci maka dunduniya da inda ya tattare. Kada ka yar da tsoffin. Sa musu lamba ka jera.

Tushen aikin shi ne katakon nan mai siffar ƙafa da ake ɗora takalmi a kai. In ya karkace, duk kyan ɗinkinka a banza. Auna ƙafa da yamma kana tsaye, domin tana ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, kuma ka auna duka biyun don ba safai suke zuwa daidai ba. Bar wajen santimita 1 gaban yatsan da ya fi tsawo. Naɗe katakon da salatif na takarda, ka zana fasalin a kai, ka ɓare a hankali ka shimfiɗa a kwali, shi ne ma'aunin yankanka. Gwaji kuwa da yadi mai arha ake yi. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, sai ma'auni ya zauna tukuna za ka je kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ka zaɓo ta.

Ka san marigayi Bill Bowerman, tsohon mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, wanda suka kafa kamfanin takalma na Nike da Phil Knight? A 1971 ya zuba narkakkiyar roba cikin ƙarfen gasa waffle, wato wainar Turawa, na matarsa, yana neman sol mara nauyi mai kama ƙasa. Ƙarfen ya lalace, bai fasa ba, sai a 1974 takalmin Waffle Trainer ya shiga kasuwa. Amma ga abin da ya fi damuna: shekarun da ya yi yana shaƙar gam a ɗan ƙaramin ɗaki mara iska sun lalata masa jijiyoyin ƙafa. Don Allah ka fito da teburinka tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Maganar ɗayewar sol kuwa, kankare fuskokin biyu da samfefa, ka shafa gam a kowanne, ka jira ya sha iska ya yi danƙo kafin ka manna ka danne. Zafin kwaltarmu yana sassauta gam, don haka ka bi gefen da ɗinki.

Kada ka manna tambarin wani kamfani a aikinka, sa naka. In samfuri na gaba ya fito, aiko mini ƙafa biyun in taka da kaina. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.