Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Gidan Makama, Kano

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikatan Gidan Makama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in miƙa godiyata a bainar jama'a bisa irin karɓar da kuka yi wa baƙin da na kawo muku kwanakin baya. Sana'ata ita ce shirya wa masu hali ziyarar buɗe ido, irin waɗanda ba sa jin ciwon kuɗi matuƙar za su sami masauki mai kyau, da mota mai sanyi, da abincin da ya kwanta musu a rai. Biyu daga cikin baƙin nan masu ɗaukar bidiyo ne da suke wallafa al'adun ƙasashe a YouTube da Instagram, saboda haka na san duk abin da suka ji a bakinmu, shi za su kai wa duniya.

Gaskiyar magana, in don otal ne, mutumin da ya saba kwana a Dubai ko Istanbul ba zai zo Kano ya yi mamaki ba. Abin da muke da shi wanda babu a can shi ne irin wannan gida naku, wanda tarihinsa yake komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tun daga zaure jami'inku ya tsayar da su, ya nuna musu yadda ake ɗora tubali, da yadda azara take riƙe rufin soro, da dalilin da ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi ko da rana ta take. Sun shigo da niyyar yin rabin sa'a, amma sai da aka kira la'asar suna ciki.

Wurin da ya fi burge ni shi ne gaban lifidi. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar bidiyon ya riga ya fara faɗa wa kyamararsa cewa wannan kayan kwalliyar dawakin biki ne, sai jami'in ya dakatar da shi cikin ladabi, ya bayyana masa cewa kayan yaƙi ne da ake yi wa cushe mai kauri domin ya tare kibiya, kuma tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da shi tare da sulke da kwalkwali. Daga nan ya bambance musu Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, ya faɗa musu inda Sarki yake nufa a kowanne da abin da yake kai shi. Baƙin sun san UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, amma ba su san kowace rana da ma'anarta ba. Nan take mutumin ya goge abin da ya ɗauka, ya sake daga farko. Mu da muke ganin bidiyoyin da suke yawo a intanet, waɗanda ba komai a cikinsu sai ƙura da sukuwa da rawuna, mun san darajar wannan gyara.

Haka kuma ina gode muku da kuka zauna kuka rubuta musu sunayen kayayyakin da Hausa daidai, har da ƙugiyoyin haruffa, domin kada kakaki da algaita da tambari su koma wani abu dabam a rubutun da za su sa a ƙasan hoto.

Shawarar da kuka ba mu game da marinar Ƙofar Mata ma ta yi amfani ƙwarai. Kun ce a fara gaida manyan marina, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, kuma a sayi kaya a hannunsu maimakon a ɗauki hoto a wuce. Haka muka yi, sai ga dattawan sun saki jiki suna nuna yadda ake haɗa baba da toka a cikin karofi, har suka bar ɗaya daga cikin baƙin ta tsoma ƙyalle da hannunta. Da shuni a farcenta ta hau jirgi, kuma ta ƙi yarda a goge mata.

Na riga na sanya Gidan Makama a ranar farko ta duk wata ziyara da zan shirya nan gaba, kafin Dala da Kasuwar Kurmi. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa gidan nan albarka.

Wassalam.

Naku,
Mai hidimar baƙi daga cikin birnin Kano.