Gidajen GRA sun fi ƙarfin ma'aikacin Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan yadda farashin gidaje da kuɗin haya suka tashi a GRA ta Sakkwato da unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Sama Road da Gawon Nama.

Asalin GRA wurin zaman ma'aikatan gwamnati ne, tun zamanin Turawa har bayan da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976. Lokacin da na fara aiki, maƙwabtana a layinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da wani injiniyan ruwa, muna sallar magariba tare, yaranmu suna wasa ƙarƙashin dogon yaro ɗaya. Yau an sare bishiyar, an raba filin gida uku, kowane an kewaye shi da katanga mai tsawo da waya a samanta. Masu gidajen 'yan siyasa ne da 'yan kwangila da manyan 'yan kasuwa, kuma da yawansu suna Abuja, sai maigadi kaɗai za ka tarar a bakin ƙofa yana shan iska. Gida mai ɗakuna shida yana rufe shekara guda, alhali ɗana, wanda malami ne mai iyali, ya yi wata uku yana bin dillalai bai samu ɗaki biyu da falo da albashinsa zai ɗauka ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk da cewa a nan Kalambaina ake yin sa. Rashin tsaro a Isa da Sabon Birni da Rabah ya sa masu hali sun kwaso iyalansu zuwa cikin gari, kuma babu mai ganin laifinsu, domin wanda ya tsere da ransa ba ya tsayawa ciniki. Amma masu gidaje sun ga kasuwa. Dillali yana karɓar kuɗin duba gida kafin ka ga ko ƙofar, sannan ga la'ada, sannan mai gida ya ce sai kuɗin shekara gaba ɗaya. Mai albashin naira 70,000 ina zai samo wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda aka tura bayan gari, wajen More da Kwannawa, suna sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, kuɗin abin hawa zuwa ofis kuma yana cinye abin da suka rage a haya.

Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a hannun gwamna. Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ta tabbatar gidajen da take ginawa sun shiga hannun ma'aikatan da ba su da muhalli, a riƙa cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan, kuma a hana wanda ya samu ya sayar wa attajiri washegari. Majalisar dokoki ita ma ta ƙayyade la'adar dillalai, ta sa a yi musu rajista.

Na gode.

Wani ma'aikaci mai ritaya,
Sakkwato