Wasiƙa daga Aboabo

Babana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Bronx, ya jikokina? Mu nan Kumasi lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta shiri da damina.

Magana ta iso ni. Kada ka ga laifin matarka, ni na tsare ta a waya har ta faɗa: katin bashi uku, dala 9,000. Tun daren nan barcina rabi ne.

Washegari na tafi Adum wajen ɗan ƙanwata na banki, ya juya bayan rasit ya yi mini lissafi da biro. Ya ce ruwan irin wannan kati a Amurka yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara, naka kuwa 24 ne. Wato duk wata dala 180 ruwa ce zalla. In ka ba su 250, 70 kaɗai ke taɓa uwar kuɗi. Shekara 30 ina sayar da atamfa a Kejetia, ban taɓa ganin cinikin da ke cin mutum yana barci irin wannan ba.

Ya ce ka fara cire katunan daga aljihu. Sannan ka nemi kati guda wanda ake kwashe bashi a zuba a cikinsa, ba ruwa na wata 12 zuwa 18, sai dai su yanki ladan kashi 3 zuwa 5. Naka, in kashi 3 suka yanka, zai kama 9,270, ka raba wata 18, dala 515 ke nan kowane wata, ba fashi. In wa'adi ya cika da saura, ruwa ya dawo da ƙarfinsa. In sun hana ka, ka biya ɗan abin da suka wajabta a kowane kati, duk rarar da ka samu ka danna wa mai ruwa mafi tsada har ya mutu, sannan na biye. Wanda ka wanke kuma kada ka sake goga shi, ko na man mota.

Amma ba lissafin ne ke hana ni barci ba. Ka san an kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai bashi, aka ce akwai, ya ce su sallaci ɗan'uwansu, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. 'Yan dinarai ne fa. Kai kuma kana tuƙi dare da rana a ƙasar mutane, da bashin riba a wuyanka. In ta Allah ta kasance, wa zai tashi ya ce na ɗauka? Ni, da wace dala? Ranar jana'izar mahaifinka kuwa, liman ya yi cigiyar mai bin sa bashi sau uku, ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. Shi ne gadon da ya bar maka, kai kuma kana wasa da shi saboda kunyar cewa babu.

Na sani, ni na yi maganar rufin kwano, ni na yi ta bikin ƙanwarka. To ai ban ce ka ciwo ba! Uwa in ba ta tambayi ɗanta ba, wa za ta tambaya? Da ka ce Mma, ba hali, da ruwa ya ci gaba da zuba a roba, ba kashe ni zai yi ba.

Daga wannan watan kada in sake ganin kuɗinka a asusun wayata na MoMo. In ka turo, zan mayar. Susu ɗina, adashin nan nawa, zai fito bayan Babbar Salla, sidin Ghana ne, ba zai yi auki a dala ba, amma naka ne. Ranar Juma'a in ka sauko masallaci ka kira ni, takardun katunan uku a gabanka, ka karanta mini su ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya warware maka.

Mmanka